Yadda Ake Fitar da Zane a Jikin Fallen Ƙarfe don Adon Fata da Tufa

Duk wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga irin zanen da magina ke fitarwa a fuskar soraye, wanda ke tasowa daga jikin bango har ya yi inuwa idan rana ta karkata. Irin wannan tudu da kwari ne ake nema a jikin fallen ƙarfe, sai dai a nan ba a ɗora komai a kai. Ta baya ake turo ƙarfen har zanen ya kumburo ta gaba.

Mai koyo ya fara da fallen alminiyam ɗin da ake liƙe bakin gwangwanin madarar gari da shi, domin yana da laushi. Gwangwanin lemo ma yana yi idan an yanke samansa da ƙasansa an baje shi, amma yana da taurin kai, gefensa kuma yana yanka kamar reza. Ana lausasa shi ta hanyar shafa masa sabulu, a gitta shi sama-sama a kan garwashi a waje mai iska har sabulun ya yi baƙi, sannan a bar shi ya huce. Kada a ajiye shi a kan wutar, domin alminiyam yana narkewa a digiri 660. Sauran kayan aiki ba sai an je kasuwar Dole ta Damagaram ba: bik da tawadarsa ta ƙare, tsinke mai dakusasshen baki, guntun fata mai kauri, da katako mai santsi.

Da farko a zana abin da ake so a takarda, dagi ne ko ganye, a shimfiɗa ƙarfen a kan fatar, a ɗora takardar a bayansa, a bi layukan da bik. Idan rubutu ne, dole a juya shi kamar yadda yake fitowa a madubi. Na taɓa ɓata yini guda a kan sunan wata amarya, da na juya sai na ga haruffan sun ba ni baya.

Daga nan a cire takardar, a shiga murza cikin zanen da tsinke, a hankali, ana maimaitawa. A nan yawancin masu koyo ke huda aikinsu, saboda suna so tudun ya tashi a dannawa ɗaya, alhali ƙarfen miƙewa yake yi kaɗan-kaɗan, kuma duk inda ya miƙe siranta yake ƙarawa. Idan tudun ya fito, a juya fallen fuskarsa sama, a mayar da shi kan katako, a bi gindin zanen da bik domin filin da ke kewaye ya kwanta. Fata ita ke ba ƙarfen damar lotsawa, katako kuma shi ke tsayar da iyaka, don haka za a yi ta kai da komo tsakaninsu har gefen zanen ya fito sarai.

A cike ramin bayan da gam da aka kwaɓa da garin katako don kada ya lotse. Wasu na zuba kakin zuma, amma ni ban yarda da shi ba a zafin watan Afrilu na garin nan. Idan gam ɗin ya bushe, a shafa baƙin man takalmi a fuskar, a goge da tsumma, baƙin ya zauna a kwari, tudun ya ɗauki ƙyalli.

Kafin ɗinki a lanƙwasa gefen fallen zuwa ciki don kada ya ci zare, a huda ramuka da basilla a kan katako, a ɗinke shi a jikin jaka ko matashin fata da zare mai ƙarfi. Idan jan ƙarfe aka yi amfani da shi, a shafa masa banish, wato man da kafintoci ke shafa wa katako don ya yi ƙyalli, tukuna, domin gumi da laima suna sa shi tsatsa mai launin kore wadda ke ɓata farin yadi.