Yadda ɗan koyo zai auna hannun jarin gidajen sinima da kantuna bayan annoba

Ranar 9 ga Nuwamba 2020, da kamfanin Pfizer ya sanar cewa allurar rigakafin korona da ya haɗa tare da BioNTech tana aiki, farashin hannun jarin gidajen sinima da manyan kantuna ya yi tsalle a yini guda a kasuwannin Landan da New York. Daga wannan rana ƙananan masu zuba jari suka yi ta shigowa da lissafi mai sauƙi, wato an kulle wuraren nan ne saboda cuta, za a buɗe su, jama'a za su koma, don haka farashi ma zai koma inda yake. An buɗe ɗin kuwa, jama'a sun koma, amma da yawa daga cikin waɗanda suka saya ba su ga uwar kuɗinsu ba. Matakan da ke ƙasa na tsamo su ne daga abin da ya faru tsakanin 2020 da 2023, kuma za su yi wa mutum amfani a duk lokacin da wata masifa ta karya farashin sana'ar da ake sa ran za ta farfaɗo.

Kafin ka dubi farashi, fara da bashi. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, domin bankuna, da masu takardun lamuni, da masu gine-ginen da ake haya duk suna gabansa, kuma sai sun ƙoshi sannan a ba shi abin da ya rage. Labarin Cineworld na Ingila ya isa darasi a nan. Kamfanin ya sayi gidajen sinimar Regal na Amurka a 2018 kan dala biliyan 3.6, akasari da kuɗin aro, sannan a ƙarshen 2019 ya ƙulla cinikin sayen Cineplex na Kanada, ya kuma janye bayan annoba ta ɓarke. A Disamba 2021 wata kotu a lardin Ontario na Kanada ta yanke masa diyyar sama da dalar Kanada biliyan 1.2 saboda wannan janyewa, alhali bashin da ke wuyansa, idan an haɗa da alkawuran haya, ya haura dala biliyan 8. Duk da haka farashin hannun jarinsa ya ninka kusan sau huɗu tsakanin Oktoba 2020 da Maris 2021, don mutane suna kallon ranar buɗewa kawai. A Satumba 2022 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Amurka, kuma a 2023 masu bashin suka karɓe shi baki ɗaya. Gidajen sinimar suna nan, ana sayar da tikiti har yau, amma tsofaffin masu hannun jari ba su tashi da ko kwabo ba.

Yadda za ka duba wannan ba ya buƙatar digiri. Ka shiga shafin kamfanin na intanet, ka nemi sashen masu zuba jari, ka sauke rahoton shekara da na watanni uku na baya-bayan nan. Lambobi huɗu kake nema: jimillar bashi, tsabar kuɗin da ke hannu, abin da kamfanin ke ƙonawa a kowane wata, da shekarar da wa'adin biyan kowane bashi zai cika. Ka raba tsabar kuɗin da abin da ake ƙonawa a wata, sakamakon shi ne yawan watannin da kamfanin zai iya numfashi ba tare da ya nemo sabon kuɗi ba. Kada ka tsallake kuɗin haya, domin gidan sinima ko kanti yakan sa hannu kan hayar shekaru goma ko fiye, kuma mai gini yana jiran kuɗinsa ko an sayar da tikiti ko ba a sayar ba. Ka kuma duba ko kuɗin ruwan bashin tsayayye ne ko mai hawa da sauka, saboda babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a tsakiyar 2023, abin da ya ƙara wa masu bashi nauyi daidai lokacin da suke ƙoƙarin miƙewa.

Ni kaina na sayi hannun jarin wani kamfanin sinima a farkon 2021 ba tare da na yi wannan lissafi ba, sai bayan watanni, wani dare, na buɗe rahotonsa a waya, ina jan shafuka da yatsa har na isa teburin wa'adin bashi a can ƙarshen littafin, cikin ƙananan haruffa. Na ɗauki biro na rubuta kuɗin ruwan da yake biya a shekara a bayan wata takarda, na ajiye shi kusa da ribar da ya samu a shekararsa mafi kyau kafin annoba, sai na ga ko da kujeru sun cika kamar da, abin da zai rage wa irina kaɗan ne ƙwarai. Washegari na sayar da asara. Aikin bai ɗauke ni fiye da awa guda ba, kuma da na yi shi kafin saye da ban yi cinikin biri a sama ba.

Mataki na biyu shi ne ƙirga yawan hannayen jarin, kuma a ganina nan ne 'yan koyo suka fi ruɗuwa. A ɗauka mutum goma ne ke da shago, ciniki ya tsaya, sai aka shigo da wasu arba'in suka zuba kuɗi don kada shagon ya rufe. Shago ya tsira, amma in riba ta dawo daidai yadda take a da, kason kowane ɗaya daga cikin goman farko ya koma kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya saba karɓa. Haka ta faru da AMC, kamfanin sinima mafi girma a Amurka, wanda hannayen jarinsa ba su fi miliyan 100 da 'yan kai ba a farkon 2020, amma zuwa Yuni 2021 sun haura miliyan 500. Sayar da sababbin hannayen jari ne ya hana shi durƙushewa ga bashin sama da dala biliyan 5, kuma masu kamfanin sun yi abin da ya kamata su yi don ceto shi. Sai dai wanda ya kalli tsohon farashin 2019 ya ce can za a koma, yana kwatanta abubuwa biyu ne da ba iri ɗaya ba. Abin yi shi ne ka ninka farashin yau da yawan hannayen jarin yau, ka ƙara bashi, ka cire tsabar kuɗi, sannan ka yi irin wannan lissafi da lambobin kafin annoba. Sau da yawa za ka tarar kamfanin da ake cewa ya yi arha ya fi tsada a yanzu fiye da lokacin da yake cikin ƙoshin lafiya.

Bayan haka sai ka tambayi kanka ko masu sayen sun dawo da yawansu da kuma halinsu na da. Kuɗin tikitin da aka tara a Amurka da Kanada ya kai kusan dala biliyan 11 a 2019, ya faɗo zuwa wajen biliyan 2 a 2020, ya hau zuwa kusan biliyan 4.5 a 2021, kuma ko a 2023 bai wuce kimanin biliyan 9 ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Annobar ta kuma sauya ƙa'idar sana'ar, domin a da fim yakan yi kusan kwana 90 a sinima kafin a kai shi gidaje, amma a 2021 kamfanin Warner Bros. ya riƙa sakin finafinansa a sinima da intanet rana ɗaya, daga baya kuma tazarar kwana 45 ta zama ruwan dare. Wannan ba ya nufin a guji sana'ar gaba ɗaya. Cinemark, wani kamfanin sinima na Amurka, wanda ya shiga annobar da bashi mai sauƙi idan aka kwatanta da takwarorinsa, bai je kotu ba kuma ya koma cin riba a 2023.

A ɓangaren kantuna, abin lura na musamman shi ne kwantai. JCPenney da Neiman Marcus da J.Crew, manyan kantuna na Amurka, duk sun nemi kariyar kotu a Mayu 2020, Debenhams na Ingila kuwa an sayar da sunansa da shafinsa na intanet kawai ga Boohoo, kamfanin sayar da tufafi ta intanet, kan fam miliyan 55 aka rufe shagunan a 2021, kuma dukkansu da ma suna ɗingishi tun kafin cutar. Don haka ka duba cinikin kanti na shekaru uku kafin annoba, in yana raguwa tun lokacin to buɗe ƙofa ba zai warkar da shi ba. Waɗanda suka tsira ma sun gamu da wata matsala, domin sun yi odar kaya masu yawa bisa cinikin lokacin kulle, sai tsadar rayuwa ta zo jama'a suka ja hannu. A Mayu 2022 hannun jarin Target, babban kanti a Amurka, ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari a rana guda bayan rahoton da ya nuna riba ta ragu kuma kaya sun taru a rumbu. A kowane rahoto, ka gwada saurin ƙaruwar kayan da ke ajiye da saurin ƙaruwar ciniki, in na farko ya fi na biyu gudu to ana dab da karya farashi, riba kuma za ta bi.

Game da guguwar jama'a, maganata gajera ce. A Janairu 2021 hannun jarin GameStop, kantin sayar da wasannin bidiyo na Amurka, ya tashi daga ƙasa da dala 20 zuwa dala 483, na AMC kuma daga wajen dala 2 zuwa sama da dala 70 a farkon Yuni, ba don ciniki ya ƙaru ba sai don ɗimbin mutane sun yi gangami a intanet suna saye. Wasu sun ci riba, amma ba wanda zai iya koya maka ranar fita. Bed Bath & Beyond, kantin kayan gida na Amurka, ya sha irin wannan tashi, ya durƙushe a Afrilu 2023, aka soke hannayen jarinsa.

Wanda ke saye daga Najeriya ta manhajar waya yana da ƙarin abubuwa biyu. Na farko, hukumar SEC ta ƙasa, mai kula da kasuwar hannun jari, ta yi gargaɗi a Afrilu 2021 kan manhajojin da ke sayar da hannun jarin ƙasashen waje, saboda haka ka tabbatar dillalinka yana da rajista, kuma ka riƙa rubuta lissafinka da dala, don faɗuwar naira tana iya nuna maka riba a allo alhali jarin ya ragu. Na biyu, mai son kiyaye hukuncin shari'a ya sani cewa ma'aunin Dow Jones na hannayen jarin Musulunci yana cire sana'ar sinima, kuma ma'aunai irin wannan ba sa karɓar kamfanin da bashinsa mai ruwa ya kai wajen sulusin darajarsa a kasuwa. Ya kamata a yi wannan tambaya ga malamin da ya san harkar kafin a saya.

In kamfani ya tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje, kada ka zuba masa fiye da abin da za ka iya rasawa ba tare da ya taɓa kuɗin makaranta ko na haya ba, kuma kada ka saya da kuɗin aro. Ka raba sayen kashi uku, ka bar rahoton watanni uku guda ya fito tsakanin kowane saye da na gaba. A ranar sayen farko ka rubuta a takarda dalilinka na saye da abubuwan da in sun faru za ka sayar, misali sanarwar sababbin hannayen jari masu yawa, ko tsabar kuɗin da ba za ta kai wata goma sha biyu ba, ko labarin cewa kamfanin ya ɗauki masu ba da shawara don tattaunawa da masu bin sa bashi. Ka ajiye takardar inda za ka same ta, ka ɗauko ta duk ranar da sabon rahoto ya fito, ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya.