Bitar fiziks a rukuni: inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe

Da zarar jarrabawar fiziks ta ƙarato, za ka ga 'yan sakandare sun fara haɗa kai, huɗu nan, biyar can, kowa da littafinsa da kalkuletarsa. Dabara ce mai kyau, kuma ban taɓa hana ɗalibi ba. Sai dai na sha zama kusa da irin wannan bita ina kasa kunne, kuma da yawa daga ciki taron tsintsiya ne, ba shara. Ana tashi kowa na jin ya ƙoshi da karatu, amma ranar da aka raba takardar tambayoyi sai a ga mutum ya zuba mata ido yana cizon biro.

Tushen matsalar guda ne, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa: mutum ɗaya ne ke riƙe da alƙalami. A kowane rukuni akwai gwanin da lissafi ke yi wa sauƙi. Ana karanta tambaya sai ya jawo takarda, ya rubuta fomula, ya zuba lambobi, amsa ta fito. Sauran suna leƙe ta kafaɗarsa suna gyaɗa kai. Ba ƙarya suke yi ba, a wannan lokacin sun bi kowane mataki. Amma bin sawun wanda ya san hanya daban, gano hanyar da kanka daban. Abin da ya fi wuya a tambayar fiziks shi ne matakin farko, wato gane wace doka ce ke aiki a nan, kuma wannan matakin ne gwanin yake tsallakewa a cikin kansa kafin kowa ya ankara. Don haka shi kaɗai ne ya yi bita, sauran kallo suka sha.

Gyaran yana da ɗan ɗaci. A karanta tambaya, kowa ya juya ga takardarsa, a yi shiru na minti biyar ko goma, ba leƙe, ba tambaya. Ko zane kawai mutum ya iya yi, ya jera abin da aka bayar da abin da ake nema, ya yi. Bayan nan a baje takardu a kwatanta. Wanda ya fi rauni a wannan babin shi zai fara bayani, gwanin kuma a karɓe masa biro, aikinsa tambaya kawai: "To me ya sa ka ɗauki wannan fomular?" Shi ma zai ƙaru, domin mai yi wa wani bayani ne ke fara gano ramin da ke cikin saninsa.

Sai kalmar nan "na gane". Babu kalmar da ta kai ta cutar da ɗalibi a zaman bita. Ana faɗarta don kunya, don kada a ce kai ne ke ja da mutane baya. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibiya. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa duk wanda ya ce ya gane, za a sauya lambobin tambayar, ko a juya ta, a ba shi ya warware. In an ba da tazara da lokaci an nemi gudu, yanzu a ba da gudu da lokaci a nemi tazara. Cikin minti biyu gaskiya za ta fito, kuma gara ta fito a gaban abokai.

Kuskure na gaba shi ne haddar fomula ba tare da sharaɗinta ba. Za ka ji rukuni na rera v = u + at kamar waƙa, amma ka tambaye su yaushe take aiki, sai a yi tsit. Tana aiki ne kawai idan ƙaruwar gudu, wato a a cikin fomular, ba ta sauyawa. Haka dokar Om, wadda masani Om ya wallafa a 1827: kwararar lantarki tana tafiya daidai da boltej, wato ƙarfin da ke tura ta, ne muddin zafin wayar bai sauya ba, shi ya sa zaren ƙwan fitila ba ya bin ta sau da ƙafa, tunda yana ƙara zafi turjiyarsa ga lantarki na ƙaruwa. Masu tsara jarrabawa sun san ɗalibai na haddace alamomi su bar sharaɗi, kuma daidai nan suke ɗana tarko. Duk fomular da za ku rubuta a takardar bita, ku rubuta mata jimla ɗaya a gefe: a wane hali take aiki, kuma kowane harafi me yake nufi.

Akwai kuma wuraren da hankalin yau da kullum ke yaudarar mutum, kuma a rukuni yaudarar ta fi ƙarfi, saboda in mutum huɗu sun yarda da abu sai ya yi kama da gaskiya. Fiziks kuwa ba a yi masa ƙuri'a. Ku gwada kanku da wannan: an jefa dutse sama, ya kai ƙololuwa, gudunsa ya zama sifili. Nawa ne ƙaruwar gudunsa a wannan lokacin? Yawanci za a ce sifili. A'a, tana nan kusan mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan, tana fuskantar ƙasa, domin jan duniya bai tafi hutu ba. Da sifili ce, da dutsen ya tsaya cak a sama. Ko wannan: littafi na kan tebur, duniya na jan sa ƙasa. Bisa doka ta uku ta Niyuton, wadda ta ce kowane ƙarfi yana da aboki daidai da shi mai fuskantar akasinsa, wane ƙarfi ne abokin wannan jan? Kusan kowa zai ce turin da tebur ke yi wa littafin. Ba shi ba ne. Abokinsa shi ne jan da littafin ke yi wa duniya. Ƙarfin nan biyu da dokar ke magana a kai ba sa taɓa sauka a kan abu ɗaya. Dokokin Niyuton tun 1687 aka wallafa su, har yau kuma ana faɗuwa a wannan ramin.

Haka batun mas da nauyi. A baki muna haɗa su, a takardar jarrabawa kuwa haɗa su asarar maki ce. Mas shi ne yawan abin da jiki ya ƙunsa, ana auna shi da kilogiram. Nauyi ƙarfin ja ne, ana auna shi da niyuton. Mai kilogiram 60 nauyinsa a duniya kusan niyuton 588 ne, a duniyar wata kuma bai wuce kashi ɗaya cikin shida na haka ba, alhali kilogiram ɗinsa 60 na nan daram. Wanda kuma har yanzu zuciyarsa ke raya masa cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa, ya nemi bidiyon ɗan sama jannatin Apollo 15, Debid Sikot, wanda a 1971 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iskar da za ta tare su, suka dira tare.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne cin maki a ɓoye: ma'auni. Ɗalibi zai yi komai daidai, ya zo ya zuba kilomita 72 a awa cikin fomular da ke neman mita a sakan. Sai an raba da 3.6, ya zama mita 20 a sakan, kafin a taɓa komai. Wani ya san santimita 100 ke yin mita ɗaya, sai ya raba faɗin fili da 100, ya manta cewa murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne. A dokokin iskar gas abin ya fi muni. Aka ce zafi ya tashi daga digiri 27 zuwa 54 a ma'aunin Salsiyos, sai a ce ya ninka. Bai ninka ba. A ƙara 273 a mayar da shi kelbin, ma'aunin zafin da dokokin gas ke aiki da shi: daga 300 ne zuwa 327, ƙarin kashi tara cikin ɗari kacal. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna da kumbon Mars Climate Orbiter da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta rasa a 1999. Wani ɓangaren masu aikin ya ba da alƙaluman turin injin da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren ya ɗauke su a matsayin niyuton, fam ɗaya kuwa ya kai niyuton 4.45. Kumbon ya kauce hanya, ya kusanci duniyar Mars fiye da kima, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Injiniyoyi ne fa, ba 'yan aji shida ba. Ku naɗa mutum ɗaya a kowane zama ya zama mai gadin ma'auni: duk lambar da aka rubuta tsirara, ba mita ba sakan a gefenta, ya tsayar da aiki.

Wasu kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ku duba kalkuleta kafin a fara: in kun danna sin 30 ba ta ba ku 0.5 ba, ba a kan digiri take ba. A turjiya biyu da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa, a ce om 6 da om 3, lissafin 1/6 + 1/3 zai kawo ku 0.5, kuma da yawa nan suke ajiye biro, alhali sai an kifa ta, amsar om 2 ce, dole kuma ta gaza ƙaramar cikin biyun. A giraf na gudu da lokaci, gangaren layi ƙaruwar gudu ne, filin da ke ƙarƙashin layi kuma tazara. Kuma kada ku yanke lambobi a tsakiyar lissafi, ku bari sai ƙarshe.

Ina da ƙorafi na musamman a kan yadda ake amfani da tambayoyin shekarun baya. Ana buɗe tambaya da amsarta gefe da gefe, sai a yi ta juya lambobi har su haifi abin da ke shafin amsa. Wannan ba warwarewa ba ce, ƙirƙirar hanya ce zuwa inda aka riga aka sani. Ku ba mutum ɗaya shafin amsa ya kife shi, kada a buɗe sai kowa ya ja layi a ƙarƙashin tasa. In amsarku ta saɓa da ta littafi, kada ku yi saurin gogewa. Ku bi mataki-mataki ku nemo inda aka rabu, domin littattafan amsoshi ma kan yi kuskuren ɗab'i. In gardama ta wuce minti goma ba a daidaita ba, a rubuta tambayar a kai wa malami, kada mai babbar murya ya yi nasara. Kafin ma a duba littafi, ku tambayi kanku ko amsar ta yi kama da hankali. Wanda lissafinsa ya nuna mai keke na gudun mita 400 a sakan, ya fi sauti gudu ke nan, tunda sauti a iska bai wuce kusan mita 340 a sakan ba.

Game da lokaci kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1885 masanin nan Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a farkon lokaci, kuma maimaitawa a rarrabe ce ke riƙe shi. Zama uku na awa ɗaya da rabi a mako ya fi kwanan zaune a daren jarrabawa. Ku buɗe kowane zama da tambayoyi biyu daga babin makon jiya, littafi a rufe. Kada kuma ku yi ta zagaya babin da kuke jin daɗinsa, kuna kauce wa igiyoyin sauti da haske ko maganaɗisu don suna ba ku tsoro. Sau ɗaya aƙalla, ku zauna ku amsa cikakkiyar takarda da agogo a gaba, wayoyi a kashe, ku musanya ku yi wa juna maki ba sani ba sabo. Rukunin kuma kada ya wuce mutum biyar, in ya haura haka hira ce.

Saura ɓangaren gwaji, wanda rukuni da yawa ke bari wai sai an shiga ɗakin gwaje-gwaje. Alhali nan ne taron ya fi amfani, tunda aiki ne na hannu da yawa. Ku sami zare, ku ɗaura ƙaramin dutse, ku auna mita ɗaya daga inda aka rataye shi zuwa tsakiyar dutsen. Ɗaya ya ja shi gefe kaɗan ya saki, ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya riƙe agogo. Kada ku auna lilo ɗaya, jinkirin yatsa zai ɓata shi. Ku auna 20, zuwa da dawowa a matsayin ɗaya, ku raba da 20. Mai ƙirga ya ce "sifili" lokacin da aka danna agogo, ba "ɗaya" ba, in ba haka ba 19 za ku auna kuna zaton 20 ne. Za ku sami kusan sakan 40, wato sakan 2 kowane lilo. Ku zuba a g = 4π²l/T², inda l yake tsawon zaren, T kuma lokacin lilo ɗaya; g, wato ƙaruwar gudu ta jan duniya, ya kamata ta faɗo kusa da 9.8. In kun sami 12 ko 7, kada ku gyara lambar da biro. Ku sake auna zaren.