Kurakuran da aka fi yi a sigar "condicional" ta Sifaniyanci

Sigar da ake kira "condicional" a Sifaniyanci ita ce ke bayyana abin da da zai faru in da sharaɗi ya cika, kuma ginata ba shi da wuya: ana ɗaukar aikatau cikakke, a liƙa masa ɗafa-ƙeya ɗaya daga cikin shida, wato -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais da -ían.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke wutsiyar aikatau kafin a liƙa ɗafa-ƙeyar, saboda hannu ya saba da hakan a yawancin sauran sigogi. Wanda ya rubuta "comía" maimakon "comería" ya koma shuɗaɗɗen lokaci, ya ce ya kan ci a da, alhali yana nufin da ya ci. Gyaran shi ne a bar "comer" yadda yake, sannan kada a manta da 'yar karkatacciyar alamar da ke kan wasalin í.

Akwai kuma aikatau 12 da saiwarsu ke canzawa, irin su tener (tendría), hacer (haría), decir (diría) da poder (podría). Saiwar nan ita ce dai ta lokaci mai zuwa, don haka wanda ya haddace "tendré" ya riga ya gama rabin aikin. A nan "querría" (daga querer, wato so) ce ta fi ruɗa ɗalibai, domin r guda ce kawai ta raba ta da "quería".

Inda ya kamata a fi natsuwa shi ne jimlar sharaɗi. Bahaushe yana cewa "da ina da kuɗi, da na tafi", da "da" a ɓangarori biyu, sai ɗalibi ya zaci Sifaniyanci ma haka yake, ya ce "si tendría dinero, viajaría". Daidaitaccen harshe bai yarda da wannan ba: bayan "si" ana amfani da sigar "imperfecto de subjuntivo" (sigar shuɗaɗɗen lokaci ta abin da ake ƙaddarawa, ba wanda ya tabbata ba), a bar "condicional" ga sakamako, wato "si tuviera dinero, viajaría". Gaskiya ne ana jin "si tendría" a bakin wasu 'yan ƙasa a arewacin Sifaniya, musamman yankin Basque da Navarra, amma malamin jarrabawa zai ja masa jan layi.

Wajen roƙo kuwa, "quiero un café" (ina son kofi) ba laifi ba ce a nahawu, sai dai "me gustaría un café" (zan so a ba ni kofi) ko "¿podría ayudarme?" (ko za a iya taimaka mini?) sun fi ladabi a gaban wanda ba a saba da shi ba.