Yadda Ake Tsare Kuɗin MoMo Daga 'Yan Damfarar Waya

Daga Nima zuwa Mamobi har Madina a yankin Accra, da wuya mutum ya yi tafiyar minti biyu bai ga laimar mai MoMo ba, wato mai harkar turawa da cire kuɗi ta wayar hannu, kuma tun da MTN ta fara wannan harka a Ghana a shekarar 2009, wayar hannu ta zama ita ce jakar kuɗin yawancin mutanenmu. Da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake sayen wuta, da ita ake aika gudunmawar biki da ta rasuwa zuwa Kumasi ko Tamale ko Bawku. Abin da na lura da shi a wurin waɗanda aka kwashe wa kuɗi shi ne kusan kowannensu yakan ce kutse aka yi masa, amma idan ka zaunar da shi ya ba ka labarin dalla-dalla, sai ka tarar da hannunsa ya danna lambar sirrinsa ya sallama kuɗin. Ba zan tsaya bayanin yadda ake buɗe asusu ko yadda ake tura kuɗi ba, domin wannan ko yaron firamare ya iya. Wurin da ake faɗuwa shi zan fi ba ƙarfi.

Mataki na farko shi ne ka gyara lambar sirrin kanta. Alƙaluma huɗu ne kacal, kuma mutane da yawa shekarar haihuwarsu suke sakawa, ko alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar wayarsu, ko 1234. Shekarar haihuwa ita ce mafi muni, domin tun watan Afrilun 2021 da MTN ta ce sai da katin shaida za a ciri kuɗi, kana miƙa Ghana Card ɗinka ga wanda ba ka sani ba, ga kuwa ranar haihuwarka a rubuce a jikinsa. Ka zaɓi lambar da ba ta cikin kowace takarda taka, ka haddace ta, kada ka rubuta ta a 'yar takarda ka soke a bayan murfin waya kamar yadda iyayenmu mata suka saba. Game da dattawan da ba sa karanta Turanci, ra'ayina shi ne a ware musu mutum ɗaya tak a gida wanda zai riƙa karanta musu abin da ya fito a fuskar wayar, amma idan an zo wurin danna lambar, ya miƙa musu wayar ya kawar da kai. Gidan da jikoki biyar suka san lambar kaka, ranar da kuɗi ya ɓata zumunci ne zai lalace, ba kuma za a gano wanda ya ɗauka ba.

Mataki na biyu shi ne ka san kamannin saƙon gaskiya. A layin MTN, saƙon shigar kuɗi yana zuwa ne da sunan MobileMoney a samansa, ba da lambar wayar wani mutum ba, kuma yana sauka ne a ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin da kamfanin ya saba turo maka. Na bogi kuwa yakan zo shi kaɗai daga wata lamba mai farawa da 024 ko 054 ko 055, an kwaikwayi kalmomin sarai, har da lambar shaidar ciniki da wata ragowar kuɗi ta ƙarya. Duk da haka ni ban yarda a dogara da saƙo ba ko da ya yi kama da na gaskiya. Ka danna *170# idan MTN kake, ko *110# idan Telecel ko AT kake, ka duba abin da ke cikin asusunka da idonka. Idan kuɗin bai ƙaru ba, to ba abin da ya shigo, magana ta ƙare.

Mataki na uku shi ne kiran waya da abin da ke biyo bayansa, kuma a nan ne ake yin asara. Wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a unguwarmu, da hantsi ana tsakiyar ciniki, saƙo ya shigo wayarta cewa an turo mata sidi 850. Ba ta gama goge hannu ba sai ga kira. Muryar namiji ce, cikin ladabi, da Hausa irin tamu ta zango: "Mma, don Allah ki yi haƙuri, kuɗin asibitin mahaifiyata ne na tura layinki bisa kuskure, lamba ɗaya na ɓata. Tana kwance, likita yana jira. Ki ji tsoron Allah ki maido mini." Ta ce masa, "Ɗana, kada ka damu, ba na cin haram." Ya ce ba sai ta wahala ba, ofis zai kira ta. Bayan ɗan lokaci wani ya kira da Turanci yana cewa daga kamfani yake, ya ce wani abu zai fito a wayarta, ta danna lambarta domin a mayar da kuɗin ga mai shi. Abin ya fito, mutane na tsaye da kwano suna jira, ta danna. Kuɗin garin gero da man da ta tara na mako guda ne suka tafi, domin tun farko ba sisin da ya shigo.

A lura da yadda aka gina tarkon. Ba kwaɗayinta aka yi amfani da shi ba, tsoron Allahnta da kunyarta aka kama, aka haɗa da gaggawa da cunkoson ciniki. Shi ya sa nasihar da ake yawan yi ta cewa a daina son banza ba ta isa ba, domin mutumin kirki ya fi saurin faɗawa wannan ramin. Abin da ya fito a wayarta kuwa buƙatar cire kuɗi ce ko ta biyan kuɗi, irin wadda mai MoMo ko mai shago yake turo maka idan za ka ciri kuɗi ko za ka biya kaya, kuma duk wanda ke riƙe da layin ciniki yana iya tura irinta zuwa kowace lamba. Da ta karanta da kyau, da ta ga an rubuta adadin da za a cira da sunan wanda zai karɓa. Amma rubutun da Turanci yake, ƙanana ne, ga kuma mutum a kunne yana cewa ta yi sauri kafin ya ɓace.

Ƙa'idar da nake so kowa ya riƙe ita ce: ba a danna lambar sirri domin karɓar kuɗi. Kuɗin da aka turo maka shigowa yake yi da kansa ko kana barci. Lambar sirri aikinta fitar da kuɗi ne, ko duba asusu idan kai da kanka ka danna *170# ka nema. Saboda haka duk lokacin da wani abu ya faɗo a fuskar wayarka yana neman lambar, alhali ba kai ka fara wani ciniki ba, ka soke shi nan take. Kada ka tsaya gardama da mai kiran, kada ka nemi ka nuna masa ka fi shi wayo, domin shi sana'arsa ke nan kuma yana da amsar kowace tambaya. Ka katse kiran. Idan da gaske wani ya yi kuskuren turo maka kuɗi, kuma hakan yana faruwa, hanyarsa ita ce ya kai ƙara wurin kamfani, kamfani ya bincika ya mayar masa. Ka gaya masa haka sau ɗaya, ka bar kuɗin a wurin kada ka taɓa, ka ga ba ka ci haƙƙin kowa ba kuma ba ka tura naka ba.

Wasu masu kiran sukan bi da mutum ta cikin jerin zaɓuɓɓukan *170# suna cewa danna kaza, danna kaza, har su kai shi wurin da aka rubuta "Allow Cash Out", wato ba da izinin cire kuɗi, ko wurin "My Approvals" inda buƙatun da ke jiran amincewarsa suke taruwa. Ba a buɗe izinin cire kuɗi sai kana tsaye gaban mai MoMo, kana ganinsa yana ganinka. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba zai nemi lambar sirrinka ba, ba kuma zai riƙe ka a waya yana koya maka abin da za ka danna ba.

Labarin da suke zuwa da shi yana canzawa da abin da ake ciki a ƙasa. Lokacin da aka fara sabunta rajistar layuka da Ghana Card a watan Oktoban 2021, barazanar ita ce za a rufe maka layi yau ɗin nan idan ba ka bi umarninsu ba. Harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, da aka fara cira a watan Mayun 2022 an soke shi a Afrilun 2025, don haka duk wanda ya kira ka da zancen wannan haraji, ko cewa zai maido maka da abin da aka cira a baya, ka san inda ya dosa. Akwai kuma tsohon zancen cin gasa, cewa layinka ya ci mota ko firiji sai dai ka biya kuɗin rajista. Wani abin da ke ƙara rikita dattawa shi ne har yau wasunsu da tsohon lissafi suke ƙirga, na kafin canjin kuɗi na 2007, inda sidi 100 na yanzu suke ce masa miliyan ɗaya. Mai irin wannan lissafi idan ya ga adadi a waya yakan ɗauki lokaci kafin ya gane nawa ne, ɗan damfara kuwa ba ya ba shi wannan lokacin.

Mataki na huɗu, a wurin mai MoMo. Ka riƙe wayarka a hannunka, kada ka miƙa masa ya danna maka ko da layi ya yi tsawo. Ka karanta adadin da sunan shagon kafin ka amince, ka ƙirga kuɗinka a gabansa. Idan tura kuɗi za ka yi, sunan mai karɓa yana fitowa kafin a nemi lambar sirri, ka karanta shi da ƙarfi, musamman idan daga layi zuwa wani layin daban kake turawa, abin da ya yiwu tun 2018. Ni na fi son mutum ya riƙe mai MoMo ɗaya a unguwa wanda ya san gidansu, ko da zai ƙara 'yar tafiya.

Ga 'yan kasuwa, ku raba layi biyu. Lambar da ka manna a jikin shago ko ka saka a Facebook kowa ya gani, kada ta zama ita ce ma'ajiyar jarinka. Ka sayi ƙaramar wayar nan mai madannai, kuɗinta bai kai abin da za a kwashe maka a kira ɗaya ba, ka sa mata layin da ba kowa ya sani ba, kullum da yamma ka mayar da cinikin can ko banki. Gaskiya ne akwai ɗan cajin turawa, amma mai jari ya san wannan ba asara ba ce. Ka kuma sa wa sim ɗin kansa makulli a cikin saitin waya, domin ɓarawon da ya fizge waya a Circle, mahadar nan mai cunkoso ta Accra, sim yake fara zarewa ya sa a wata wayar. Sai dai ka kula, idan ka ɓata lambar makullin sau uku layin zai kulle har sai ka nemo lambar PUK daga kamfani.

WhatsApp ma ƙofa ce, domin wanda ya ƙwace naka zai bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a tura masa MoMo da sunanka. Yadda suke yi shi ne su kira ka su ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ko na masallaci suke, za a yi taro ta intanet, an turo maka alƙaluma shida ka karanto musu. Waɗannan alƙaluman su ne mabuɗin asusunka, ba a karanta wa kowa su. Ka shiga saiti, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar da ta bambanta da ta MoMo, sannan ka duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka ka cire wadda ba ka sani ba. Idan ɗan'uwa ya rubuto yana neman kuɗi da gaggawa, ka kira shi ta layi ka ji muryarsa tukuna.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa ka yi shiru har gobe, domin cikin mintuna suke cire kuɗin ko su watsa shi zuwa wasu layuka. Ka canza lambar sirri nan take, ka kira 100 ka ba kamfanin lambar shaidar cinikin da lambar da ta kira ka da lokacin da abin ya faru, kada kuma ka goge saƙonnin. Ka sanar da Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar 2020, ta hanyar kira ko tura saƙo zuwa 292, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ka karɓi takarda. Idan wayar ce aka sace, ka ari ta wani ka sa a rufe layin, washegari ka tafi ofishin kamfanin da Ghana Card ɗinka a sabunta maka sim. WhatsApp ɗin da aka ƙwace kuwa ana dawo da shi ta sake rajista da lambarka, sai dai idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar ta mataki biyu, za ka jira kwana bakwai, kuma a cikin waɗannan kwanaki sai ka sa wani ya sanar a duk zaurukan da kake ciki cewa kada kowa ya tura kuɗi da sunanka.