Kurakuran masu saita kafiretar ƙaramin janareta da tsohon babur

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya kawo ƙaramin janareta ko tsohon Suzuki shagona a nan Sakkwato maganarsa ɗaya ce: "Malam, a rage masa shan mai." Sai yaran da ba su daɗe da fara aiki ba su cire babban jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da fetur ke bi a cikin kafireta, su sa mai ƙaramin rami, su warware sukurun iska, mai kaya ya tafi yana ta godiya.

Wannan kuskuren ya fi kowane ci mini rai. Irin wannan injin ba ya ajiye baƙin mai a cikinsa kamar na mota. A janareta, baƙin man da ke shafa fistin da ringi tare da fetur yake shiga. In ka rage fetur, ka rage shafawa, iska ta rinjayi mai, zafi ya hau. Ka haɗa da ranar Afrilu da ke wuce digiri 40, sai fistin ya kama. Wani yaron shagona ya taɓa yi wa janaretan wani mai cajin waya haka, ni na sayi fistin da ringi da kuɗina, mutumin kuma bai sake dawowa ba. Haba! Fetur nawa aka tsimi?

Ni kafin in taɓa jet sai na bar injin ya yi aiki da kaya a kansa, sannan in kwance fulogi. In bakinsa ya yi kalar ƙasa, lafiya lau. Fari fat, mai ya yi kaɗan, a tsaya nan take. Baƙi da danshi, mai ya yi yawa, amma fara duba soson iska, domin ƙurar hunturu kan toshe shi, jet ba shi da laifi.

Sai sukurun iska. Ku daina ɗaure shi da ƙarfi, tsininsa lalacewa yake yi. Ka mai da shi ciki a hankali har ya zauna, ka warware zagaye ɗaya da rabi, sannan ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan kana saurare har silo, wato gudun injin in ba a ba shi wuta ba, ya daidaita. Ciki ƙarin mai ne, waje ƙarin iska. Aikinsa silo ne da farkon totur kawai. Babur da ke shaƙewa in an buɗe masa wuta duka, matsalarsa na wajen babban jet.

Kada ka zura waya ko allura cikin jet, ramin faɗaɗa yake yi. Ka wanke da fetur ka hure.

Ba a saiti injin na sanyi.

In silo na hawa shi kaɗai, duba robar wuyan kafireta, wataƙila ta tsage tana jan iska.

Baƙin mai kuwa a bar zubawa da ido. Ni mililita 20 nake aunawa a kowace lita ɗaya ta fetur, sai dai in takardar injin ta faɗi wani ma'auni daban.