Yadda nake bin sawun kalma ɗaya a Sabon Alkawari na Girkanci

Ƴan'uwa masu shirya wa'azi a Tawa sukan tambaye ni yadda nake gano kalmar da marubuci ya yi ta nanatawa. Da STEP Bible nake aiki, wata manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki. Kyauta ce, kuma ana sauke ta a kwamfuta, ko babu intanet sai a ci gaba.

Buɗe Yahaya 15, ka jera Girkanci gefen fassarar Faransanci. A aya ta 4 danna "meinate", wato ku zauna. Manhajar za ta nuna maka tushenta, "meno", da lambarta ta Strong (tsarin da ya ba kowane tushen kalma lambarsa), G3306.

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kada ka nemi "meinate" yadda take rubuce, don kalmar aiki a Girkanci tana canza wutsiya: a aya ta 5 "menon" ce, a ta 6 "mene". Da lambar za ka nema, ita ke tattaro su duka. Daga aya 4 zuwa 10 kaɗai sau 10 ta fito, abin da fassara kan ɓoye.

Ni dai ina roƙonka, kada ƙidaya ta ishe ka. Kwafe ayoyin a takarda, ka ja layi ƙarƙashin kowace, ka duba wa ke zaune cikin wa.