Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen katin RAID da HBA

Katin RAID da HBA su ne katunan da ake haɗa faifai da kwamfuta ta cikinsu: na RAID yana haɗe faifai su zama kamar ɗaya, HBA kuma yana miƙa su yadda suke. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen kati don sunan da ke jikin kwali. Direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ba ruwansa da kwali, cif ɗin da ke kan katin yake dubawa. Dell PERC H310 da IBM M1015 da LSI 9211-8i duk cif ɗaya ne a cikinsu, wato SAS2008. Kafin ka biya, sa a cusa katin a na'ura, ka buga umarnin Linux lspci -nn, ka kwafi lambar da ta fito. In ka ga 1000:0073, direban megaraid_sas ne zai ɗauke shi. In 1000:0072 ce, mpt3sas ne. Daga nan ka koma kan tsarin da za ka yi aiki da shi, ka buga modinfo da sunan direban, misali modinfo mpt3sas, ka tabbata lambar tana ciki.

Me ya sa sai an sha wannan wahala? Domin da Red Hat ta fitar da Linux ɗinta, RHEL 8, a 2019, ta cire SAS2008 daga katunan da direbanta ya sani. Kamfanin VMware ma ya bi sahu a tsarinsa na ESXi 7 a 2020. Mutum ya sabunta saba (server) da dare, ya wayi gari babu faifai ko ɗaya, ya shiga zagin mai shago alhali katin lafiyarsa ƙalau. Haba! Minti biyu na dubawa ne ya gagare ka? A RHEL, ma'ajiyar direbobi ta ELRepo na da kmod-mpt3sas da ke dawo da katin. Ni dai shawarata, mai sayen kati yau ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai cif SAS3008, irin su 9300-8i.

Na biyu ya fi ban haushi: yarda da kamfanin da ke ɓoye bayanan katinsa. Sai ka ga an rubuta yana aiki da Linux, ashe direban rufaffe ne, an haɗa shi don kanel (zuciyar tsarin) guda ɗaya. Ranar da kanel ya canza, ko kamfanin ya daina kula da katin, ba mai iya gyara maka, don ba wanda ya ga abin da ke ciki. Wannan rigima ba sabuwa ba ce. A 2005 OpenBSD, wani tsari mai kama da Linux, ta kashe direban katunan Adaptec, wato aac, a kanel ɗinta saboda Adaptec ta ƙi ba da takardun da za a gyara shi. Kuma kamfanonin nan sauya hannu suke yi: LSI ta koma hannun Avago a 2014, yau Broadcom ce, Adaptec tana hannun Microchip. Dokata ɗaya ce, in direban ba ya cikin kanel tun asali, ba na saye, ko da kyauta ne.

Masu ɗora ZFS, tsarin adana fayil, a kan katin RAID kuma, ku daina. ZFS so yake ya ga kowane faifai kai tsaye. A mayar da katin yanayin IT, inda yake miƙa faifai kai tsaye ba RAID, da manhajar sas2flash, amma a rubuta adireshin SAS na katin a takarda kafin a goge manhajar cikinsa. A SAS2008, sigar 20.00.07.00 za a sa. Sigogin farko na jerinta, wato P20, suna da matsala.

Sauran ƙanana ne. Tsohon cif SAS1068E ba ya ganin abin da ya wuce 2TB a faifai. Wayar SFF-8087 mai rassa huɗu iri biyu ce, mai fita daga kati zuwa faifai ake so, ɗayar ba za ta nuna komai ba. A bayan katin RAID na LSI, wato MegaRAID, sai da smartctl -d megaraid,0 ake ganin lafiyar faifai. Kada a kunna write-back, wato riƙe bayanai a ƙwaƙwalwar kati kafin a rubuta su a faifai, ba lafiyayyen batir a katin, musamman inda ake ɗauke wuta ba sallama. Katunan nan an yi su ne don iskar cikin saba, don haka a akwatin kwamfutar gida, a ɗaura masa ƙaramar fanka mai milimita 40 kafin zafin watan Afrilu ya sa faifai su fara ɓacewa.